Yadda nake haɗa kacici-kacici tsakanin ɗalibai da na'ura

Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Sakkwato, ni ke kuma riƙe da ƙungiyar kacici-kacici. Malamin da ke son ya gwada yaransa da manhajar ƙirƙirarriyar basira, ga tsarin da nake bi. Na tsinto shi ne daga gasar da aka yi a Amurka a watan Fabrairun 2011, inda kwamfutar kamfanin IBM mai suna Watson ta shiga shirin kacici-kacici na talabijin mai suna Jeopardy! ta kara da Brad Rutter da Ken Jennings, wanda ya taɓa cin wasa 74 a jere. Ta tashi da dala 77,147, Jennings da 24,000, Rutter da 21,600.

Da farko ka ajiye ƙararrawa gefe, wato madannin da wanda ya riga dannawa shi ke ba da amsa. Watson tana danna madanni da zarar an ba da dama, mutanen kuwa sau da yawa sun san amsar, hannu ne bai kai ba. In ka bari gasar ta zama rige-rige, sauri kawai za ka auna. Ni takarda nake raba wa kowace tawaga, a karanta tambaya, a ba da daƙiƙa 30, kowa ya rubuta. Wayar da manhajar ke ciki tana hannun wani yaro da ba ya cikin gasar. Shi zai shigar da tambayar yadda aka karanta ta, ba ƙari ba ragi, ya kwafe amsar farko da ta fito. Watson ba a haɗa ta da intanet ba a lokacin gasar, don haka in manhajarka tana da wurin kashe bincike, kashe shi.

Tambayoyin kai za ka rubuta da hannunka. Rabi na manhajar karatu, rabi na gida: daga wane gari Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804? Wace shekara aka ci Alkalawa? A ina aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Amsoshin, wato Degel da 1808 da Wurno, su kasance a rubuce a gaban alƙali tun kafin a fara. Wannan ba na wasa da shi, domin na'ura kan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, har alƙali ya fara shakkar abin da ya sani.

Sai wurin da na fi so. Watson ba ta danna madanni sai ta auna tabbacinta ta ga ya kai. Da aka zo tambayar ƙarshe ta wasan farko, a rukunin biranen Amurka, amsar Chicago ce, ita kuwa ta ce Toronto, birnin da ke Kanada. An yi mata dariya. Amma daga kuɗin da ta tara, dala 947 kacal ta saka a kan tambayar a matsayin abin da za a cire mata in ta kuskure, ta kuma jera wa amsarta alamomin tambaya, alamar ba ta da tabbas. Wannan halin nake so yarana su ɗauka. Kusa da kowace amsa su rubuta maki 1 ko 2 ko 3, gwargwadon yadda suka yarda da ita. In sun dace a ƙara musu, in sun kuskure a cire. Ita ma na'urar a ce ta zaɓi nata makin. Za ka ga yarinyar da ba ta cika magana a aji ba ta riƙe hannun mai rubutu tana cewa, “Malam bai faɗi haka ba, mu sa ɗaya.” Nan ne gardama mai amfani ke tashi.

Ka yi cajin waya tun dare, ka sa data, a kuma yi gasar da safe kafin rana ta buɗe. Bayan an tashi, tattara tambayoyin da aka sami saɓani a kansu ka raba wa tawagogin su bincika, ko a laburaren makaranta ko a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, su kawo sunan littafi da lambar shafi mako mai zuwa.