Kurakuran da Ke Hana Manhajoji Masu Buɗaɗɗen Tushe Aiki Tare

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa da zarar an buɗe tushen manhaja, wato rubutattun umarnin da aka gina ta da su, ga kowa, to za ta iya musayar bayanai da sauran manhajoji. Buɗe tushe dama ce ta karantawa da gyarawa, amma ba ya tilasta wa ƙungiyoyi biyu su adana bayanai a tsari ɗaya. Shi ya sa ake samun masu ƙirƙiro nasu tsarin fayil alhali akwai ma'auni, wato tsari na bai-ɗaya, da aka riga aka yi ittifaƙi a kansa. Idan takardun ofis ne, akwai OpenDocument, wanda ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2005, hukumar ISO kuma ta karɓe shi a 2006. Idan dandalin sada zumunta ne, akwai ActivityPub na 2018, wanda ta hanyarsa mai amfani da dandalin Mastodon ke bin tashar bidiyo a wani dandalin daban mai suna PeerTube. Gyaran shi ne a nemi ma'aunin tun kafin a fara aikin.

Kuskuren da ya fi taɓa masu rubutu da Hausa kuwa ya shafi tsarin adana haruffa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, babu su a tsohon tsarin Latin-1, wanda rumbun bayanai na MySQL yake zuwa da shi kafin fitowa ta 8.0 a 2018. Sai a shigar da sunan Ɗanladi daidai a manhajar rajistar ɗalibai, amma idan ya isa rumbun ya koma "?anladi", kuma da zarar alamar tambaya ta maye gurbin harafin, babu yadda za a yi a dawo da shi sai an sake bugawa. A ganina wannan sakaci ne da bai kamata a yafe ba, domin maganinsa mai sauƙi ne: a saita UTF-8, tsarin da ya ƙunshi waɗannan haruffa, a fayil, a rumbu, da kuma hanyar da ke haɗa su, sannan a gwada da sunayen Hausa na gaske.

Akwai kuma masu cewa sun bi ma'auni ba tare da sun gwada aikinsu da manhajar wasu ba. Markdown, hanyar tsara rubutu da alamomi masu sauƙi wadda ta fito a 2004, ya bar wurare da dama a buɗe, kowace manhaja tana fassara su yadda ta ga dama, har aka fito da CommonMark, ma'aunin da ya fayyace ƙa'idojinsa, a 2014 tare da ɗaruruwan misalan gwaji. Duk ma'aunin da ke da irin waɗannan gwaje-gwaje, a riƙa gudanar da su a kowane sauyi.

Sauyin da ke karya abin da wasu suka dogara da shi yana da tsada ƙwarai. Python 3, sabuwar fitowar yaren rubuta manhaja na Python, ya fito a 2008 da sauye-sauyen da suka karya ayyukan da aka rubuta da Python 2, shi ya sa sai a Janairun 2020 aka daina kula da Python 2. A sanar da wuri, a ɗaga babbar lambar fitowa, kamar daga 2 zuwa 3, a kuma ba mutane lokacin ƙaura.

Lasisi ma yana raba manhajoji. Sharuɗɗan lasisin CDDL na ZFS, wani tsarin adana fayiloli, sun ci karo da lasisin GPL fitowa ta 2 da babbar manhajar Linux ke amfani da shi, saboda haka ba a shigar da ZFS cikin ainihin tushen Linux ba, kuma lasisin Apache 2.0 yana haɗuwa da GPL ta 3 amma ba ya haɗuwa da ta 2. Wajibi ne a duba lasisin kowane ɓangare kafin a ɗauko shi.