Darasi na Tara: Sana'a a Gida Ba Tare da Yini Ya Tafi a Banza Ba

A Kano mutane da yawa a cikin gida suke neman na kansu. Wata ɗinki take yi a Fagge, wata turaren wuta da humra a Gwale, wani yana tallar yadin Kantin Kwari ta WhatsApp, wani yana buga wa jama'a takardu a kwamfuta daga soron gidansu. Mai shago yana da ƙofa. Idan ya buɗe an fara aiki, idan ya rufe an tashi. Mai aiki a gida ba shi da wannan, shi zai kafa wa kansa iyaka. In bai kafa ba, sai a kira magariba ya gaji liƙis, aikin kuwa yana nan inda ya bar shi tun hantsi.

Wurin aiki

Ba sai da ɗaki guda ba. Kusurwar ɗaki ta isa, da ɗan tebur da kujera mai majingina. Kada ku yi aiki a kan katifa, tana kawo barci da ciwon baya. Ku tara ƙananan kayan aiki, kamar almakashi da tef da caja da biro, a akwati ɗaya mai murfi, ku ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa. Neman almakashin da yaro ya ɗauka ya yanka takarda yakan ci minti goma, kuma a rana ba sau ɗaya ba.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ku rufe keken ɗinki da kwamfuta da ƙyalle duk lokacin da kuka tashi. Mai keke ta riƙa buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura duk mako, ta share tarkacen zare da ƙaramin buroshi, ta ɗiga man keke ɗigo ɗaya ko biyu. Ban da man gyaɗa, domin yana daskarewa ya yi danƙo, keken ya riƙa tsinke zare.

Ku raba yini da salloli

Agogon da ya fi kowane aminci shi ne kiran salla. Da dare, kafin ku kwanta, ku rubuta ayyuka 3 na gobe, kada su wuce haka. Wanda ya fi wuya shi za ku sa daga ƙarfe 8 zuwa azahar: yara sun tafi makaranta, gari bai ɗau zafi ba, ido bai gaji ba. Yankan yadi, lissafi, da duk abin da kuskurensa ke jawo asara, nan ne wurinsu. Tsakanin azahar da la'asar, musamman da bazara lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, ku yi aikin da ba ya buƙatar tunani mai yawa, kamar sa maɓalli ko ƙulla kaya a leda. Bayan la'asar, sa'ad da yara suke islamiyya, ku aika kaya ku amsa saƙonni.

Baƙi fa? Baƙonka annabinka, ba a korar kowa. Amma idan maƙwabciya ta shigo hira, ana iya cewa: "Sannu da zuwa, Yaya. Ga ruwa, zauna. Bari in ƙarasa wuyan rigar nan, mai ita za ta aiko bayan la'asar." Hannu yana aiki, baki yana gaisuwa. Masu sana'a da yawa kunya ce ke cin jarinsu, ba rashin ciniki ba. Haka nan ku faɗa wa mutanen gida lokutan aikinku a fili, kada su ɗauka tunda kuna gida ku ne 'yan aike.

Wutar lantarki

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. Ranar da aka kawo wuta, ku fara da abin da ba ya yiwuwa sai da ita: guga, caji, buga takarda. Sauran ayyuka su jira.

Mai batirin sola ya kamata ya san ƙarfinsa. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, wato 12 sau 100. Idan irin na ruwa ne, rabin wannan kawai ake sha, wato 600, domin zuƙe shi ƙaf yana rage masa kwana. Ƙaramar kwamfuta tana jan kamar wat 50, fanka ma kusan haka. In an haɗa su, wat 100 ke nan, za su yi awa 5 ko kusan 6. Dutsen guga kuwa yana jan wat 1,000 ko fiye, cikin rabin awa zai cinye abin da zai riƙe ku awa 5. Shi ya sa ba a jona shi a inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida.

Janareta kuma a waje ake kunna shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ko ana ruwan sama kada a shigo da shi ɗaki ko soro.

Waya

Wayar da ke kawo ciniki ita ce kuma ke sace yini. Ku tsayar da lokuta 3 na duba saƙo: da safe, bayan azahar, bayan la'asar. A WhatsApp Business akwai wurin jera hotunan kaya da farashinsu, akwai kuma amsa mai tafiya da kanta. Ku rubuta: "Sannu da zuwa. Ana amsa saƙo bayan azahar." Ku kashe sauke bidiyo kai tsaye, domin bidiyon zaurukan biki da na 'yan uwa ke shanye data kafin wata ya raba. Mai kallon allo tsawon lokaci ya riƙa ɗaga ido duk minti 20, ya dubi abu mai nisan taku 8 zuwa 10 na ɗan daƙiƙu.

Kuɗin sana'a daban, na cefane daban

A gida aljihu ɗaya ne, shi ya sa jari ke narkewa ba a sani ba. Yau an ɗauki na magi, gobe na kati, jibi na gudummawar suna. Ku sayi littafi guda, ku ja layi huɗu a kowane shafi: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi. Ku yanka wa kanku albashi duk Juma'a, abin da ya rage na sana'a ne. Idan mai saye ya ce ya turo kuɗi, kada ku saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat. Ana ƙirƙirar su. Ku buɗe asusunku ku ga kuɗin sun zauna tukuna.

Aikin gida

Ku ja layukan nan huɗu a littafinku, ku cike su har kwana 7. A gefen kowane shafi ku rubuta ayyuka 3 na ranar, ku sa alama a kan wanda aka gama. Wanda ba a gama ba, ku rubuta abin da ya hana da kalma ɗaya ko biyu: wuta, baƙi, waya, aike. Ku zo da littafin aji mako mai zuwa, za mu ƙirga kalmar da ta fi yawa a shafin kowa.