Yadda Za a Fahimci Aikin Tsung-Dao Lee ta Hanyar Madubi

Duk mai son gane dalilin da ya sa aka ba Tsung-Dao Lee da abokin aikinsa Chen-Ning Yang kyautar Nobel ta fiziks a shekarar 1957, gara ya fara da madubi kafin ya buɗe littafin lissafi. Ka ɗauki ƙwallo ka juya shi a gaban madubi, za ka ga idan naka yana juyawa ta dama, na cikin madubin ta hagu yake juyawa. Har zuwa 1956 masana sun ɗauka cewa duk abin da madubi ya nuna zai iya faruwa a zahiri, wato dokokin halitta ba su bambanta hagu da dama ba; wannan ita ce dokar madubi.

Daga nan sai ka nemi sanin matsalar da ta hana masana sakat a lokacin. An gano wasu ƙananan ƙwayoyi biyu, tau da theta, waɗanda nauyinsu ɗaya ne, tsawon rayuwarsu ma ɗaya, amma ɗaya tana tarwatsewa ta zama wasu ƙananan ƙwayoyi biyu da ake kira fayon, ɗayar kuma uku, abin da dokar madubi ba ta yarda da shi ga ƙwaya guda ba. Lee da Yang suka bi tsofaffin gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya, suka tarar ba a taɓa jarraba dokar a kan ƙarfi mai rauni ba, ɗaya daga cikin ƙarfafan asali na halitta, wanda shi ke haddasa irin wannan tarwatsewa. A ganina wannan haƙuri na sake duba abin da kowa ya riga ya amince da shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata mai karatu ya daɗe.

Sannan ka bi gwajin Chien-Shiung Wu, masaniyar fiziks da ta jarraba dokar madubi a kan ƙarfi mai rauni, a hankali, ka zana shi a takarda. Ta sanyaya sinadarin kobalt-60 har kusan iyakar sanyi, ta jera cibiyoyin ƙwayoyinsa da maganaɗisu domin su juya ta fuska ɗaya, sai ta ga elektron sun fi fita ta ɓangaren da ke kishiyar alkiblar juyawar. Ka zana hoton wannan a madubi: juyawar za ta sauya, hanyar elektron ba za ta sauya ba, kuma hoton da ka samu ba ya faruwa a duniya. An bayyana sakamakon a Janairun 1957, tau da theta kuwa suka tabbata ƙwaya ɗaya ce, wadda yanzu ake kira kayon. Wu ba ta shiga cikin kyautar ba, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a tsallake shi ba.

Sai bayan haka tarihin Lee zai yi maka ma'ana. An haife shi a Shanghai a 1926, yaƙi da Japan ya katse masa karatu har ya kai shi birnin Kunming na ƙasar Sin, ya tafi Jami'ar Chicago a 1946 ya yi digirin digirgir a hannun masanin fiziks Enrico Fermi, sannan ya koma Jami'ar Columbia a 1953. Daga 1979 ya jagoranci shirin CUSPEA, wanda ya kai ɗaliban Sin fiye da 900 jami'o'in Amurka da Kanada domin zurfafa karatun fiziks. Ya rasu a San Francisco a watan Agustan 2024.