Yadda Ake Yin 'Yan Kunne da Duwatsun Wuya na Tangaran

Abu na farko shi ne samun yumɓu mai laushi wanda aka tace, domin tsakuwa ɗaya tana iya tsaga ɗan kunnen da bai fi faɗin farce ba. A cuɗa shi sosai har iskar da ke ciki ta fita, sannan a shimfiɗa shi a kan katako da kauri kamar milimita 3 ko 4, a yanka siffar da ake so. Duwatsun wuya kuwa a tafin hannu ake mulmula su.

A huda kowanne da tsinke tun yana da ɗanshi, kuma a faɗaɗa hudar fiye da yadda ido ya ga ya dace, saboda yumɓu yana tsukewa da kusan kashi 10 cikin 100 kafin aiki ya kammala.

Shanya ita ce inda Legas take gwada haƙurin mutum. Da damina, musamman watannin Yuni da Yuli, laimar da ke cikin iska takan sa abin da zai bushe cikin kwana biyu a Kano ya kai mako guda a Agege ko Idi-Araba. Kada a yi gaggawa, domin ruwan da ya rage yana zama tururi da zarar zafi ya kai digiri 100 a lokacin gashi, ya fasa kayan. A ɗora ɗaya a kunci: idan an ji sanyi, bai bushe ba.

Gashin farko ana kai shi wajen digiri 1,000, a hankali, musamman a kusa da digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya. Wanda ba shi da tanderu ya nemi maginan tangaran masu karɓar kayan wasu su gasa a biya su.

Bayan sun huce sai a shafa ruwan ƙyalli, wato haɗin da ke narkewa ya zama kamar gilashi a gashi na biyu, wanda dole ne ya zama marar darma tunda fata za su taɓa. A share cikin hudar, sannan a jera duwatsun a wayar da ke jure zafi ba tare da sun taɓa juna ba, in ba haka ba su manne.

A gashi na biyu ne tanderu yake nuna halinsa. Maganin tagulla da ake sa wa ruwan ƙyalli don launi yana ba da kore idan iska ta wadata, amma a tanderun gas da hayaƙi ya cika yana iya fitowa ja. Saman tanderu da ƙasansa ba sa yin zafi ɗaya, kuma idan na lantarki ne aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ƙyallin yakan fito da ƙuraje. Ko a cibiyar koyar da ginin tangaran da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali ta fara aiki a 1954, sai an buɗe tanderu ake sanin abin da aka samu. Saboda haka a ajiye 'yan kunne biyu masu tafiya tare kusa da juna, a ƙara adadi a kan abin da mai saye ya nema, a kuma rubuta inda aka sa kowanne da zafin da aka kai. A ganina, kuskure ne a yi wa amarya alkawarin launin da zai dace da ashobinta kafin a gasa na gwaji.

Kada a buɗe tanderu sai ya huce sarai. Daga nan a goge kaifin huda, a maƙala ƙugiya da zobba waɗanda ake samu a kasuwar Balogun, a zaɓi marasa tsatsa saboda iskar teku.