Yadda Ake Saita Jet da Haɗin Mai da Iska a Kafireton Tsohon Babur

Kafin ka taɓa jet, wato ɗan sukurun tagulla mai rami da fetur ke bi ta cikinsa a kafireto, ka tabbatar jet ɗin ne ke da laifi. Yawancin tsofaffin baburan da ake cewa kafiretonsu ya lalace, matsalarsu tana wani wuri daban, ko dai datti, ko robar da ta tsage, ko fulogin da ya gaji. Lambar jet, wadda ke nuna girman raminsa, kamfani ya zaɓe ta ne don injin da yake da lafiya. Idan babur ya yi shekaru yana aiki lafiya da lambar, sannan ya fara tari da shaƙewa, ba lambar ba ce ta canza. Canjin jet yana zama dole ne idan an sauya salansa, ko an cire akwatin matatar iska, ko an faɗaɗa silinda, ko an kai babur ƙasa mai tsauni.

Don haka aikin farko shi ne a daidaita sauran injin. Ka auna tazarar bawul da injin a sanyi, ka duba taimin, musamman in babur ɗin mai kwantak ne, ka sa sabon fulogi irin wanda kamfani ya ce, ka wanke ko ka canza matatar iska. Tsohon fetur da ya kwana watanni a tanki ka zubar da shi. Sai ka tada injin, ka bar shi yana silo, wato yana aiki a tsaye ba ka murɗa totur ba, ka ɗan fesa ruwan wankin kafireto a kan robar da ta haɗa kafireto da inji. In sautin injin ya sauya, ya tashi ko ya faɗi, iska tana satar hanya ta nan, kuma babu saitin da zai zauna sai an canza robar. Ka yi wannan gwajin a fili, nesa da wuta, domin ruwan yana kamawa.

Daga nan ka sauke kafireton ka warware shi a kan farin ƙyalle, don ƙananan kaya kada su ɓace. Ka kwance jet biyun da ke cikin kofin ƙasa, babba da ƙarami, ka ɗaga kowanne ka leƙa shi a haske. Ƙaramin, wanda ake kira jet ɗin silo, raminsa ɗan siriri ne ƙwarai, shi ya sa shi ne yake fara toshewa idan babur ya daɗe a ajiye. Wani lokaci za ka ga haske ta cikinsa amma ramin ba zagaye yake ba, wani kore-koren datti ya cinye gefe ɗaya. Wannan ma toshewa ce. Ka jiƙa shi a ruwan wanki, ka hura da iska mai ƙarfi. Kada ka zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, domin tagulla ce mai laushi, kana kankare ta ka mayar da jet ɗin wata lamba da ba ka sani ba. Ka rubuta lambobin da ke jikin jet ɗin tun yanzu.

Sai fulot, abin da ke yawo a saman fetur a cikin kofin. Shi ne yake tsayar da fetur a wani mataki a cikin kofi, kuma duk hanyoyin mai daga wannan matakin suke ja. In fetur ya yi sama da yawa, mai zai yi yawa ko'ina, har ya riƙa ɗiga ta tiyon ƙasa. In ya yi ƙasa, injin zai riƙa jin ƙishi, musamman a gudu. Ana auna tsayinsa ne a milimita, a karkata kafireton yadda harshen fulot zai taɓa kan allurarsa ba tare da ya danne ɗan sifirin da ke ciki ba. Adadin yana cikin littafin babur ɗin, kowane kafireto da nasa. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, sai su yi ta sayen jet suna neman gyara abin da lanƙwasa harshen fulot kaɗan zai gyara.

Wane ɓangare ne yake aiki a wane lokaci

A lissafi, fetur yana ƙonewa tsaf ne idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7. Amma inji yana ba da cikakken ƙarfi ne idan mai ya ɗan fi haka yawa, wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska a kan kashi 1 na fetur. Kafireto ba ya iya riƙe wannan haɗin da rami ɗaya, sai aka raba aikin. Daga totur a rufe zuwa kusan kwata, jet ɗin silo da sukurun haɗi ne suke ba da mai. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar da ke rataye a jikin silaid, wato ƙarfen da totur ke ɗagawa don buɗe hanyar iska, ita ce take mulki. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet ne. Suna ɗan shiga gonar juna a kan iyaka, amma rabon ke nan.

Abin lura a nan shi ne, buɗewar totur ake kallo, ba gudun babur ba. Za ka iya kasancewa kana gudu sosai a gangare da totur a kwata, kana kan jet ɗin silo ke nan. Saboda haka ka liƙa salatif a jikin hannun totur, ka ja layi a inda yake rufe da inda yake buɗe gaba ɗaya, ka raba tsakaninsu gida huɗu. Duk lokacin da injin ya yi wani abu, ka dubi layin. Wannan ɗan salatif ɗin ya fi yawancin kayan aiki amfani.

Alamomin kuma iri biyu ne. Idan iska ta yi yawa, injin yana zafi fiye da kima, yana jinkirin saukowa silo bayan ka saki totur, yana yin kamar zai mutu in ka murɗa da sauri, salansa tana fat-fat in kana rage gudu. Idan mai ya yi yawa, sautin yana yin nauyi, yana burbur, hayaƙi baƙi-baƙi mai warin ɗanyen fetur, kuma abin yana ƙara muni in injin ya yi zafi. In ka rasa gane wanne ne, ja cok kaɗan a daidai inda matsalar take. Ta ragu, mai ne ya yi kaɗan. Ta ƙaru, mai ne ya yi yawa.

Silo

Ka hau babur ɗin minti goma ko sha biyar ya yi zafi sosai. Saitin da aka yi da inji mai sanyi ba ya zama.

Yanzu ka gano irin sukurun haɗin da kake da shi, domin iri biyu ne kuma aikinsu a juye yake. In yana ɓangaren matatar iska, sukurun iska ne, warware shi yana ƙara iska. In yana ɓangaren inji, sau da yawa ta ƙasa, sukurun mai ne, warware shi yana ƙara mai. Ka ɗaure shi a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye don ka san inda yake a da. Da ka ji ya taɓa ka tsaya, domin bakinsa siriri ne, matsi kaɗan yana lalata shi. Sai ka warware shi zuwa adadin da littafi ya faɗa. In babu littafi, zagaye ɗaya da rabi wurin farawa ne mai kyau.

Ka ɗan ɗaga silo da babban sukurun da ke tura silaid, yadda injin ba zai mutu ba. Sannan ka riƙa juya sukurun haɗi kwata-kwatan zagaye, kana jira daƙiƙa goma zuwa sha biyar bayan kowane juyi, domin injin ba ya amsawa nan take. Kunnenka ne ma'auni. Za ka ji sautin yana tashi, ya kai wani wuri ya tsaya, in ka wuce ya fara faɗuwa yana rawa. Ka dawo tsakiyar inda ya fi tashi da santsi. Daga nan ka sauke silo zuwa inda ya dace, wanda ga yawancin ƙananan babura masu silinda ɗaya yana tsakanin zagaye 1,200 da 1,500 a minti.

Inda sukurun ya tsaya yana gaya maka labarin jet ɗin silo. Sukurun mai da sai ya wuce zagaye uku kafin injin ya ji daɗi, jet ɗin ya yi ƙanƙanta, a ƙara lamba ɗaya. In ya fi son ƙasa da zagaye ɗaya, jet ɗin ya yi girma. Ga sukurun iska sai ka juya maganar. In kuwa ka ɗaure sukurun mai har ƙarshe injin bai ko girgiza ba, mai yana shigowa ta wata hanya, ka koma ka duba fulot da cok.

Babban jet

Na fi son a yi babban jet kafin allura, domin man da allura take rabawa ta cikinsa yake bi, in ka canza shi daga baya sai ka sake taɓa tsakiya. Ana buƙatar doguwar hanya marar cunkoso, zai fi kyau mai ɗan hawa, da hular kwano a kai.

A babbar giya, ka buɗe totur gaba ɗaya ka riƙe, har injin ya ja sosai. Sai ka mayar da shi baya kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas. In babur ya ƙara zabura da ka rage, babban jet ya yi ƙanƙanta. In a cikakken totur yana burbur, ya ƙi kai ƙarshen zagayensa, ya yi girma. Don tabbatarwa, ka sa sabon fulogi, ka riƙe totur a buɗe na ɗan lokaci, sannan ka kama kuloci ka kashe injin lokaci ɗaya, ka gangara gefe ka tsaya. Kada ka bari ya yi silo, zai ɓata shaidar. Ka kwance fulogin da tsumma, don yana ƙuna, ka leƙa farin tangaran ɗin har can gindinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Fari fat, ko mai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono, iska ta yi yawa kuma akwai haɗari. Baƙi mai gari busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne yake haurowa, wannan maganar ringi ce ko robar bawul, jet ba zai magance ta ba. Fetur ɗin zamani marar dalma ba ya rina fulogi sosai kamar na da, saboda haka kada ka dogara da launi shi kaɗai, ka haɗa da yadda babur ɗin yake ja.

Ka fara daga jet mai girma kana saukowa lamba ɗaya-ɗaya, har burbur ɗin ya ɓace, ka tsaya a nan. Mai in ya ɗan yi yawa, asararsa fetur da fulogi ce. Iska in ta yi yawa a cikakken totur, tana iya huda fistin ko ta ƙona bawul, a injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai kuma fistin yana iya kamewa ana cikin gudu, tayar baya ta tsaya cak. Irin wannan injin ma, in ka ƙara yawan baƙin mai a cikin haɗin, ka rage fetur ɗin da ke bi ta jet ke nan, don haka ka tsaya a kan ma'auni ɗaya kafin ka fara saiti.

Wajen sayen jet, lambar kamfani ɗaya ba ta daidai da ta wani. 120 na Keihin daban yake da 120 na Mikuni, Amal kuma da adadin man da ke wucewa yake lissafa nasa. Ko zaren sukurunsu ba ɗaya ba ne. Jet marasa suna da ake sayarwa cikin kwali guda, sau da yawa lambar da ke jiki ba ta dace da ramin ba, ni ban yarda da su ba.

Allura

Nan ne babur yake yin yawancin rayuwarsa. Ka kwance murfin saman kafireto, ka zaro silaid, ka cire allurar. A samanta akwai tsagi, galibi biyar, da ɗan kilif a ɗaya daga ciki, ana ƙirgawa daga sama. Sauke kilif ƙasa yana ɗaga allura, mai ya ƙaru. Ɗaga kilif sama yana sauke ta, mai ya ragu. Kilif ɗin yana da tsalle, ka cire shi a cikin leda ko ka rufe da tafin hannu.

Ka gwada da totur a tsaye a rabi. In babur yana zuwa yana dawowa kamar ana jan sa ana saki, ko yana ƙara irin ta ƙarfe in ka ƙara wuta a hawa, ka sauke kilif tsagi ɗaya. In yana nauyi yana tari kafin ya kama, ka ɗaga. A tsohon babur ka duba jikin allurar da kyau: in ta yi sheƙi a gefe ɗaya, ko ramin da take shiga ya zama kamar ƙwai, sun cinye juna, mai zai yi ta yawa a tsakiya komai ka yi da kilif. Sai a canza su tare. Kafireto mai faifan roba a sama kuma, irin wanda iska ke ɗaga silaid ɗinsa, ka ɗaga robar a haske ka ɗan ja ta, huda ƙarama tana hana babur gudu. Da yawa daga cikinsu allurarsu ba ta da tsagi, sai dai a sa siririn zoben ƙarfe (washa) a ƙarƙashin kanta.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji, ka rubuta abin da ka canza da abin da ka ji. In ka sauya jet da kilif lokaci guda babur ya gyaru ko ya ɓaci, ba za ka san wanne ya jawo ba. Bayan ka gama da allura, ka koma ka sake taɓa sukurun haɗi, domin yakan ɗan motsa.

Yanayi ma yana da hannu. Duk hawan mita 300, iska tana raguwa da kusan kashi 3 cikin ɗari, don haka babur da aka saita a ƙasa zai riƙa shaƙewa da mai a kan tsauni, wanda aka saita a tsauni kuma zai ji ƙishi in ya sauko, wannan ne ma ya fi haɗari. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, tana son ƙarin mai. Fetur da aka gauraya da etanol shi ma yana buƙatar jet ya ɗan fi girma, kuma yana cin tsofaffin robobi. In babur ɗin mai kafireto biyu ne ko huɗu, lambobin jet da tsagin kilif su zama iri ɗaya a dukkansu sai in littafi ya ce akasin haka, sannan a ƙarshe a daidaita buɗewarsu da ma'aunin zuƙar iska yadda za su riƙa ɗagawa tare.