Yadda Ake Haɗa Garin Fosfo na Fitilar LED

Fitilun LED da suka cika kasuwar Maradi, daga tocila zuwa ƙwan da ake haɗawa da faifan hasken rana, yawancinsu shuɗin haske ne suke fitarwa daga tushe. Wani gari mai ruwan ɗorawa da ake kira fosfo, wanda aka shafa a kan ƙwayar da ke fitar da hasken, shi ne yake shan wani kaso na shuɗin ya mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun kuma ido ya gan ta fari. Kamfanin Nichia na Japan ya fito da wannan fitila a 1996, da garin da ake kira YAG.

Mai son haɗa garin zai fara da zaɓen uwa, wato babban sinadarin garin, da ɗan abin da zai sa ta haske. Don farin haske, uwar ita ce YAG, haɗin itiriyam da aluminiyam da iskar shaƙa, sai a saka mata siriyam kaɗan, kamar kashi biyu ko uku cikin ɗari na gurbin itiriyam, domin idan ya yi yawa hasken raguwa yake yi. Daga nan sai a auna Y2O3 da Al2O3 da CeO2, wato garin itiriyam da na aluminiyam da na siriyam masu haɗe da iskar shaƙa, daidai da lissafi, a niƙe su a ƙaramin turmin dutse da ɗan etanol har su gauraya sarai. A lokacin hunturu wajibi ne a rufe komai, saboda ƙura tana ɗauke da ƙarfe, shi kuwa ƙarfe yana dusashe hasken fosfo.

Gashi shi ne inda aikin yake. Ana zuba garin a kaskon alumina, a sa a tanda mai zafin digiri 1500 ko kusa da haka na sa'o'i da dama, ana busa masa naitirojin mai ɗauke da haidirojin kashi biyar cikin ɗari. Amfanin wannan iska shi ne ta sauko da siriyam zuwa matakin caji uku, wanda shi kaɗai ne yake ba da rawayar da ake nema. Ɗan BaF2, wani gishirin bariyam da ake haɗawa a ciki, yana taimaka wa ƙwayoyin garin su girma da kyau. Idan ya huce sai a sake niƙawa, a wanke, a duba da na'urar eksire ko tsarin YAG ɗin ya fito tsantsa.

Farin hasken YAG kaɗai ya karkata zuwa shuɗi, don haka ake ƙara jan fosfo irin CaAlSiN3 mai yurofiyam domin launin abu ya fito yadda yake. Don hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, kuromiyam mai caji uku ake sakawa maimakon siriyam, a uwar da ta dace kuma yana iya ba da haske mai faɗi daga wajen nanomita 700 zuwa 1000 a ma'aunin tsayin zangon haske. Da irinsa ake auna ruwa da mai a cikin hatsi ba tare da an fasa ba, abin da dillalin gyaɗa zai gane amfaninsa nan take.

Kafin a kwaɓa garin da silikon, wani danƙo mai barin haske ya wuce, a shafa a kan ƙwayar, sai a gwada haskensa a digiri 150, domin ƙwayar LED tana zafi idan tana aiki. A ganina, a garin da zafin Afrilu yake wuce digiri 40, wannan gwajin ya fi na kyawun launi muhimmanci, kuma garin da haskensa ya faɗi sosai a nan gara a koma a sauya uwarsa.