Yadda Ake Figar Mota Mai Ƙarfi daga Tsaye Ba Tare da An Ƙona Kuloci Ba

Tsakanin inji da giyabos akwai faifan kuloci, wanda murfinsa mai sifirin yake matse shi a jikin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da injin. Idan ƙafa ta taka kuloci har ƙasa, ko ta sake shi gaba ɗaya, faifan ba ya cin wahala. Wahalarsa tana tsakanin waɗannan biyu, lokacin da fulawil yake gudu shi kuwa yana gogar sa bai kama ba, domin bambancin gudun nan zafi yake komawa. Mota irin Ford Mustang GT mai inji lita 5.0, wadda ƙarfinta ya haura doki 400, tana iya tara zafin da zai lalata faifan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka dabarar duka ita ce a bar kuloci ya goga na ɗan taƙaitaccen lokaci, daidai yadda zai sassauta bugun, sannan a sake shi.

Kafin komai sai a sami wuri. A Kaduna, titin Ahmadu Bello, da titin Ali Akilu, da babbar hanyar Nnamdi Azikiwe mai cike da tireloli ba wuraren gwaji ba ne, kuma wanda ya gwada a can yana wasa da ran masu Keke Napep da 'yan makaranta tun kafin jami'an kiyaye haɗurra su tare shi. Abin da ake buƙata shi ne fili mai kwalta, a killace, da izinin mai shi. A fara tuƙa motar a hankali na minti goma zuwa sha biyar har man inji da na giyabos su yi ɗumi. A duba ƙasa kuma, domin ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan kwalta tana rage kamun taya ƙwarai, haka ma ruwan farkon damina da ke tayar da maiƙon da ya daɗe a hanya.

Darasin farko ba ya buƙatar totur ko kaɗan. A sa giya ta ɗaya a wuri mai shimfiɗa, a riƙa ɗaga ƙafar hagu sannu a hankali har a ji gaban motar ya motsa, ƙarar injin ta ɗan sauka. Nan ne inda kuloci yake kamawa, kuma sai an maimaita har ƙafa ta san wurin ba tare da lalube ba. Mutanen Kaduna da yawa sun koyi tuƙi ne a Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kakuri, to amma kulocin motar gudu ya fi nata tauri, kuma tazarar kamunsa ta fi gajarta.

Idan an zo figar kanta, a taka kuloci har ƙasa, a sa giya ta ɗaya, a ɗaga juyin inji zuwa adadin da aka zaɓa, a tsayar da shi a nan ba tare da ana buga totur ana saki ba. Daga nan a kawo ƙafa da sauri zuwa wurin kamu, a ɗan dakata ƙasa da daƙiƙa ɗaya yayin da nauyin motar yake komawa baya, sannan a ƙarasa saki ana ƙara totur a jere. Kada totur ya kai ƙasa sai kuloci ya gama kamawa. Adadin juyin ya danganta da motar. Babban inji mai jan tayoyin baya, irin na Mustang, juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti ya ishe shi a kan tayar titi. Toyota GT86 mai lita 2 ba ta da ƙarfin ja sosai a ƙasa, don haka tana son wajen 4,000. Subaru WRX STI kuwa, da yake tana ja da tayoyi huɗu, tayoyinta ba sa saurin zamewa, sai bugun ya ƙare a kan kuloci da giyabos, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar a tausaya mata. A kowace mota a fara daga ƙasa, a riƙa ƙara juyi 200 ko 300, har a sami inda tayoyin za su ɗan yi ƙara kaɗan motar ta wuce. Na'urar hana zamewar taya tana yanke ƙarfin inji a daidai wannan lokaci, amma mai koyo ya bar ta a kunne tukuna.

Zare ƙafa gaba ɗaya a lokaci guda yakan sa tayoyin baya su riƙa tsalle suna kamawa suna saki, kuma wannan tsalle shi ne ke karya shaf da haƙoran aksul. Da zarar an ji shi a sassauta totur nan take. Wuce gona da iri wajen gogawa kuma wari ne ke tona shi, wari mai kama da na birkin tirela a gangara. Idan ya taso a dakata da gwaji, a zagaya a hankali na 'yan mintuna kuloci a sake domin ya huce. Ko babu wari, kada a jera figa fiye da biyu ko uku ba hutu.

Duk da haka, yawancin kulocin da ke mutuwa a garin nan cunkoso ne ke cinye su. Direban da ke riƙe mota da rabin kuloci a hawan gadar Kawo, ko wanda ke jingina ƙafa a kan feda a cunkoson Kasuwar Barci, yana yi wa faifan da boris ɗin sakinsa ɓarnar da ta fi ta figa mai kyau. A hawa a yi amfani da birkin hannu, a wurin danja a mayar da giya firi a ɗauke ƙafa, a cunkoso kuma a bar tazara ta buɗe kafin a matsa.

Galibin waɗannan motoci da man birki kulocinsu yake aiki, DOT 3 ko DOT 4, kuma da yake man yana shan danshi, ya kamata a canza shi duk shekara biyu. Feda da ta yi laushi ko ta maƙale a ƙasa bayan tuƙi mai zafi tana nuna man ya tsufa ko ɗaya daga cikin silindojin man kuloci, babba da ƙarama, tana yoyo. A Nissan 370Z ƙaramar silindar tana cikin kwanon giyabos, sai an sauke shi kafin a kai gare ta, don haka duk ranar da aka sauke a canza ta tare da faifai, murfi da boris. Don a gane ko faifan ya cinye, a sa giya ta huɗu ko ta biyar a gudu kaɗan a taka totur sosai. Idan juyin inji ya tashi gudun mota bai bi shi ba, lokacin canji ya yi. Kafin a sayi kaya a kasuwar Panteka a tafi da lambar shasi, a kuma sa bakanike ya duba fulawil da robar man inji ta baya, domin mai kaɗan a kan sabon faifai ya isa ya sa shi zamewa. Bayan an ɗaura, a yi tuƙin cikin gari na wajen kilomita 800 ba figa, har fuskokin su zauna da juna.